Dariyar Tabawa

Ni ce Tabawa mai kifin Lagdo,
wadda in ta ƙyalƙyale a rumfarta
masu doya na can ƙarshen layi sukan ce, "Ta iso."
Shekara ashirin da biyu, kasuwar Garwa
ta san ni da dariya.

Jinin wata ya ɗauke mini bara, lokacin cirar auduga.
Na ce madalla, an sauke mini kaya,
salla ta zama tawa duka, azumi ba ramuwa.
Ashe ƙofa ɗaya aka rufe,
aka bar ta kusa da ita ba sakata.
Ranar farko atishawa ce kawai:
garin barkono ya taso daga rumfar Asta,
sai na ji ɗumi yana bin cinyata
kamar an karkata ƙwarya.

Ban tashi daga kujerar ba sai magariba.
Mai neman canji, na ce ya miƙo hannu,
wai ƙafata ce ke ciwo tun jiya.

Zanen da na ɗaura ranar sunan autana
na yayyanka shi gida takwas.
Ina wankewa in gari ya yi tsit,
in shanya a bayan ƙyaure,
don tsumma ma yana da baki
in ya hau igiya.

Ga zafin Afrilu, ga Binuwai kwance a gabana,
ni kuwa ina gudun moɗa,
azumin da ba lada, ba buɗa-baki.
Alwala uku saboda raka'a huɗu.
Malam Hamadu ya ce, "Me gadon ya yi miki?"
Na ce tabarma ta fi sanyi.
Shekara talatin muna tare,
ban taɓa yi masa irin wannan ba, ƙarya a kan ƙarya.

Sai wata Lahadi, hanyar Pitowa,
mota ta faɗa rami, mu bakwai a kujerar baya.
Abin da ya kuɓuce mini ranar ba ruwa ba ne.
Wani yaro ya toshe hanci,
direba ya zagi kwandona,
na ce, "Ku yi haƙuri, kifin ne ya kwana."
Kifin da ba ruwansa ya ɗauki laifi,
ni na ɗauki kunya.

Asta ce ta tare ni bayan rumfa.
"Wata biyar ban ji muryarki ba. Wa ya mutu?"
Na yi shiru. Ta dube ni, ta dubi kujerar,
ta zuge jakarta ta nuna mini ciki:
tsummoki a ninke, masu ruwan ganye,
zanen bikin 'yarta ne.
"Haihuwa tara," in ji ta. "Kin zaci tulun ƙarfe ne?"
Abin ya zo mini daga ciki, na kasa tarewa,
muka riƙe juna muna tuntsurawa,
ta jiƙe, na jiƙe,
masu doya suka ɗaga kai: "Ta dawo lafiya!"

Ran Talata muka tafi asibiti tare.
Ungozomar, Falmata, sa'ar ɗiyata,
ba ta ko ɗaga gira ba.
Ta ce, "Inna, ke ce ta shida yau.
Ki sha ruwanki, ki rage shayi.
Ki tsuke ƙasanki kamar bakin jakar kuɗi,
ki ƙirga biyar, ki saki, ki sake.
Ki dawo bayan wata, mu ga tafiya."

Ban warke sarai ba, ba zan ɓoye ba.
Tsumma biyu na nan a jakata,
kuma ranar Pitowa gaba nake zama.
Amma in kun gan ni a rumfa, baki na motsi,
ɗaya, biyu, uku,
ba sefa nake ƙirgawa ba.
Ku sayi kifinku, ku ba ni labari mai daɗi.
Abin da zai zuba ya zuba,
akwai sabulu, akwai rijiya.